Ranar da Aka Kashe Injin Yayana

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Hindawiyya, a wata shagga, wato gidan haya, mai ɗaki biyu a saman shagon mai faci, akwai wani inji da ban taɓa gani da idona ba, amma na tsane shi kamar ya ci mini amana. Yana can wata ƙasa mai sanyi, binne a ƙarƙashin ƙasa, ni kuma ina Makka. Duk da haka da wuya a yi kwana uku a gidanmu ba a ambace shi ba.

Iyayena sun zo aikin hajji ne daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, yayana yana goye, suka zauna ba su koma ba. Ni a nan aka haife ni. Mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, mahaifiyata ta riƙe mu da sayar wa alhazai abinci lokacin hajji, sauran watanni kuma aikatau a gidajen Larabawa. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka karatun yayana ya tsaya a inda na 'ya'yan marasa takarda yake tsayawa.

Shi kuwa yaro ne mai tambayar da ke gajiyar da manya. Wata shekara kawunmu, wanda malamin makaranta ne a gida, ya zo hajji ya sauka wajenmu. Ana kiran sallar magariba sai yayana ya ce masa, "Kawu, me ya sa kiran sallar Harami yake riga fitowa ta rediyo kafin ya shigo ta taga? Ai ladan ɗaya ne." Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya dube shi. Kafin ya koma gida sai da ya shawo kan mahaifiyata cewa barin yaron nan a nan asara ce. Ta hanyar tarhil yayana ya fita, hanyar da ake mayar da marasa takarda gida, kuma kowa ya san wanda ya bi ta ba ya dawowa da wuri. Ina 'yar shekara biyar ko shida. Abin da na riƙe na ranar kawai shi ne ya bar mini takalminsa na roba, ya yi mini yawa, na dinga ja da shi a kan matakala.

Daga nan ya zama murya a waya. Ya yi sakandare, ya yi jami'a ya karanta fiziks, aka ɗauke shi ƙaro karatu a waje, har ya shiga aikin wannan injin. Ranar da ya yi mana bayaninsa, na sa wayar a tsakiyar tabarma ni da Inna muna ji. Ya ce rami ne zagayayye kamar zobe, girmansa sai mota ta yi tafiya kafin ta kewaye shi. Ana sako ƙwayoyin zarra ta dama, a sako wasu ta hagu, maganaɗisu ya yi ta kora su har su kusa gudun haske, sannan a bari su yi karo. Su kuma aikinsu su duba abin da ya tarwatse, don su gane da me aka gina komai.

Inna ta ce, "To idan sun yi karo, wa yake raba su?"

Ya yi dariya har da tari.

Yayana ɗan fari ne, Inna kuma irin matan da ne masu alkunya. Ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye. Idan ya kira, sai ta ce da ni, "Tambaye shi, injin nan nasu yana nan yana juyawa?" In ya ce yana juyawa, ta san yana lafiya, yana ci yana sha. In ya ce an tsayar don gyara, sai ta ce in gaya masa ya samu ya huta, ya rufe ƙirjinsa. Shekara da shekaru da haka suke gaisawa.

Ni kuwa abin ya ishe ni. Wa'adin hana shi shigowa ya daɗe da ƙarewa. Da farko ya ce sai ya gama digiri. Ya gama, ya ce takardunsa na can ba su kammala ba. Sun kammala, har ya samu bizar umara, muka yi fenti, Inna ta sa aka sayo sabuwar katifa, sai wani ɓangare na injin da ke hannunsa ya samu matsala ana tsakiyar aiki, ya fasa. Da aka sake shiri, annoba ta rufe hanya. Ya rasa bikina, ya rasa sunan 'ya'yana. Kullum maganar ɗaya ce: "Auta, ki yi haƙuri, bari a gama wannan zagayen."

Kada ku yi mini dariya, amma wani azumi a cikin Harami, bayan la'asar, na ɗaga hannu na roƙi Allah da babbar murya ya sa injin nan ya lalace, lalacewar da ba ta gyaruwa, amma kada kowa ya ji ciwo. Wata dattijuwa Bahaushiya da ke gefena ta shafa da ni, ta ce, "Amin, 'yar nan. Nima akwai mai markaɗe a jikin ɗakina, ba ya barina in runtsa." Ban gyara mata ba. Na karɓi amin ɗinta na ƙara a kan nawa.

Injin bai lalace ba. Tsufa ya yi, kamar kowa. Wata rana yayana ya kira ya ce an yanke shawara za a kashe shi gaba ɗaya, za a kwashe kayan cikinsa a gina wani sabo a ramin, wanda zai ɗauki shekaru kafin ya fara aiki. Na yi guɗa a kicin har maƙwabciyarmu ta leƙo. Sai da na nutsu na lura can ɓangaren shiru ne.

"Yaya, kana jina?"

"Ina jin ki, auta," ya ce. "Ranar da za a kashe zan kira ku ta bidiyo. Ina so Inna ta gan shi yana aiki ko sau ɗaya."

Ranar ta zo. A wajensu safiya ce, mu kuma mun idar da la'asar. Na jingina wayar da flas ɗin shayi, Inna ta sa gilashinta ta gyara mayafi kamar za a yi baƙi. Abin da muka gani ɗaki ne cike da allunan kwamfuta da mutane, farare da baƙaƙe, tsofaffi masu sanda da matasa masu goyon jaka. Yayana ya juya wayar ya nuna mana wani allo, wasu zare-zare masu launi suna fashewa daga tsakiya kamar an watsa tsintsiya, su ɓace, wasu su sake fashewa.

"Inna, kin gani? Karon ke nan. Yanzu haka yake faruwa."

Ta matso da fuskarta sosai. "Masha Allah," ta ce. "Ashe abin da kyau."

Aka yi 'yan jawabai da ban gane ba. Sannan aka kamo hannun wata tsohuwa mai farin gashi, yayana ya ce tana cikin waɗanda suka zana injin tun yana takarda. Ta tsaya gaban wani maɓalli, ta daɗe ba ta taɓa ba. Da ta danna, layukan da ke kan babban allo suka gangaro ƙasa suka kwanta. Zare-zaren nan suka daina fitowa. Aka yi tafi, amma tafin bai yi ƙarfi ba, na ga wani ƙaton mutum ya juya bango yana share ido da hular sanyinsa. Wayar ta ɗan karkace a hannun yayana, muka ga rabin fuskarsa. A lokacin na fara ganin furfura a gemunsa.

Na shirya zan ce barka, kalmar ta ƙi fita. Inna ce ta yi magana, kuma ba ta bi ta kaina ba, shi ta yi wa kai tsaye. Ta ce, "Sannu. Allah ya sa an gama lafiya ke nan." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Bayan wata biyu ya iso. Maigidana, wanda yake tuƙa tasi, shi ya kai ni Kudai muka tarye shi a tashar bas. Na wuce shi sau biyu ban gane shi ba, ina neman dogon mutum, ashe yayana gajere ne, wayar ce ba ta faɗa. Ya yi mana Larabci muka kwashe da dariya, domin Larabcin yaran unguwa ne na zamanin da, kalmomin da ko tsofaffi suka daina faɗa. A hanya ya dinga neman wurare. Ina mai gasa burodin tamis na kwanar nan? Ina gidan da ke da tsohuwar rijiya? Maigidana yana ce masa an rushe, an yi titi, an yi otal.

Da muka hau sama, Inna tana zaune a bakin gado. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaishe ta. Ta ce, "An zo lafiya? Ya hanya?" kamar wanda ya dawo daga Jidda. Sannan ta miƙe ta shige kicin. Na bi ta na tarar tana tsaye gaban tukunyar da ta riga ta sauke, tana ta juya miya da ludayi, hawaye yana bin haɓarta.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Ya yi umara, ya ci tuwon Inna har yana gumi, ya yi ta rarraba tsaraba. Amma na lura jikinsa ne kawai ya zo. Ana hira sai ka ga ya zaro waya ya buɗe wani shafi, ya kalla, ya mayar. Na leƙa wata rana na ga shafin ba komai sai layi a kwance. Ashe nan ne suke duba lafiyar injin, hannunsa ne bai san an gama ba.

Wata yamma na same shi a saman rufi inda muke shanya, na ce, "Yaya, mun jira ka shekara ashirin da ɗoriya. Ka zo kuma ka bar zuciyarka a rami. Me kuka samu ma a ciki da ya kai haka?"

Bai ji haushi ba. Ya matsa mini na zauna a kan bulo. Ya ce a cikin karon nan, na ɗan lokacin da ƙiftawar ido ma ta yi masa tsawo, suna samar da irin abin da ya cika duniya a farkon halitta, kafin a yi taurari, kafin a yi ƙasa. Manyan malamai sun zaci zai watse kamar hayaƙi, sai aka ga yana kwarara kamar ruwa.

Na ce, "Duk waɗannan shekarun don ku gano abu ruwa ne? Da kun tambaye ni."

Ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun zuwansa. Sannan ya ce, "Ba mu gama ba, auta. Injin ya tsaya, amma abin da ya tara mana ba mu gama karantawa ba. Yaran da ke sakandare yanzu, wasu da shi za su yi digiri. Wata amsar tana ciki a kwance, mai tambayarta ne ba a haifa ba." Ya ce dabarun da suka ƙirƙiro don ganin ƙwayoyin nan, irinsu ake amfani da su a asibiti wajen hango ciwo a cikin jiki. Ya faɗi wannan da sauri, kamar amsar da ya saba ba 'yan jarida.

Abin da ya faɗa a hankali daban ne. Ya ba ni labarin wani dattijo da ya koya masa haɗa waya da dalma a shekararsa ta farko, lokacin ba ya jin yaren kowa sosai. Da wata abokiyar aiki da ba ta da addini, amma in lokacin salla ya yi sai ta taɓa kafaɗar kujerarsa ta ce ya je, za ta kula da allonsa. Da mutanen da ƙasashensu ke yaƙi da juna suna cin abinci a faranti ɗaya. "A nan ba ni da takarda," ya ce. "A gida ana ce mini ɗan Makka. A can ne kawai ba wanda ya taɓa tambayata daga ina nake kafin ya tambaye ni me na gani. Yanzu kowa ya kama gabansa."

Na kwashe shanyata na sauka.

Ana saura 'yan kwanaki ya tafi, Inna ta ce maigidana ya kai mu Muzdalifa. Muka yi mamaki, don ba lokacin hajji ba ne, ba abin da ke can. Muka je da yamma. Wanda ya san wurin a daren da alhazai suke kwana, ba masaka tsinke, ba zai yarda nan ne ba. Fili fetal, dogayen fitilu a tsaye, banɗakuna a kulle, iska tana kaɗa wata leda. Inna ta sa aka tsaya kusa da wani dutse, ta ce nan take kafa tukwanenta kowace shekara. Ta zauna a ƙasa, muka zauna.

A mota yayana ya riga ya gaya mana yana da zaɓi biyu. Ko ya koma a gina sabon injin da shi, ko ya karɓi koyarwa a wata jami'a can gida arewa, ya tara ɗalibai su yi aiki da bayanan tsohon injin daga can. Ni na riga na tsara masa na uku a raina, ya nemi aiki a Jidda, kowace Juma'a ya zo cin tuwo.

Inna ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Mutanen nan da na gani a waya, na san irin fuskarsu. Haka muke yi a nan idan motar alhazai ta ƙarshe ta tashi." Ta gyara zama. "Wata biyu na zo yi. Akuya na bar wa ƙanwata na ce ta riƙe mini kafin in dawo. An ce yanzu idonta ya tafi, amma tana nan da ranta."

Ban taɓa jin Inna ta yi zancen gida haka ba. Ta yi maganar tsamiyar ƙofar gidansu, da ƙanshin ƙasa idan aka yi ruwan fari, da yadda ake jiyo dakan maƙwabta da asuba. Sannan ta ce, "In gida za a koma, a tafi da ni."

Na ce, "Inna, in kika fita ba fa za ki dawo ba. Kin san yadda abin yake."

"Na sani."

"Mutane suna sayar da gona don su zo su mutu a nan."

"Allah na nan shi ne na can," ta ce. "Na yi ɗawafin da ƙafata za ta iya. Ke kina da mijinki da 'ya'yanki da takardar da aure ya samar miki. Wancan kuwa," ta nuna shi da haɓa, "tun yana yaro yake cin abincin hannun wasu."

Yayana ya sunkuyar da kai yana wasa da tsakuwa. Maigidana ya tashi ya koma wajen mota kamar zai duba taya. Ni kuma na zauna ina kallon filin nan, ina jin yadda abin da na yi shekaru ina jira yake juyewa a hannuna.

Haka aka yi. Ya karɓi koyarwar, ya je ya kama gida, Inna ta bi layin masu fita ta bi shi. Ranar da za ta tafi ta raba tukwanenta ga matan unguwa, ta ba ni babbar, ta ce in daina barin miya tana kamu. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi na mutum biyu.

Yanzu tana can. Ta ga ƙanwarta, sun kwana ɗaki ɗaya wata guda suna hirar mutanen da duk sun mutu. Yayana yana da ɗalibai, wasu daga ƙauyukan da ko wutar lantarki ba ta isa ba, suna zama gaban kwamfuta suna bincika karon da aka yi tun suna firamare, a injin da ba za su taɓa gani ba. In wuta ta ɗauke su taru a tsakar gidansa, Inna ta zuba musu abinci tana musu faɗan rashin aure. Ya ce mini ɗaya daga cikinsu, wata yarinya, ta hango wani abu a bayanan da su can suka tsallake, har an gayyace ta ta je ta yi bayani. Da yake faɗa mini, muryarsa ta koma irin ta da.

Na daɗe ina tunanin abin da wannan ya koya mini. Da ina ganin idan abu ya ƙare, mutanen da ya riƙe za su dawo inda ka ajiye su, kamar kayan aro. Ashe ba haka ba ne. Abin da ya ƙare yakan saki mutane ne su tafi inda zuciyarsu ta daɗe tana kallo, kuma ba lallai wajenka ba ne. Ban ce an cuce ni ba. Inna ta yi ƙiba, tana dariya a waya fiye da yadda na santa. Amma akwai ranakun da zan dawo daga Harami, in sayo tamis mai zafi, sai na kai rabin hanya in tuna mun bar Hindawiyya, ba kuma wanda zan kai wa. Mutane daga ko'ina suna kewar garin da nake zaune, ni kuma ina cikinsa ina kewar wani ƙauye da ban taɓa takawa ba.

Kwanan baya babbar 'yata, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta same ni a kicin. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, sannan ta ce idan ta gama sakandare tana so ta je wajen kawunta ta karanta abin da yake koyarwa. Ta ce sun daɗe suna magana, har yana turo mata tambayoyi tana amsawa.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce ta miƙo mini gishiri. Amma tun daga ranar na daina amsa mata idan ta yi mini Larabci. Tana fushi, tana cewa na takura mata. Ni dai na san yarinyar da za ta durƙusa gaban kakarta, gara ta iya gaisuwa da harshen da za a amsa mata.